Baba Ishaya da Taɓarya Talatin da Ɗaya

Kafin Karmo ta gama wanke ido, Baba Ishaya ya riga ya iso bakin kwantenarsa da tsintsiya a hannu. Ba cikin shagon yake fara sharewa ba. Gangaren da ya taso daga bakin kwata zuwa ƙofa yake bi a sunkuye, yana tsince tsakuwa da fasassun kwalabe da ƙusoshi, domin rabin masu zuwa wurinsa da tafin hannu suke taka ƙasa. Sai ya gama wannan yake buɗe kwaɗo, ya yaye buhunan da ya lulluɓe kekunan ɗinki da su, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da 'yar kwalbar mai, yana ɗigawa yana juyawa yana saurare. Da kunne yake gane keken da bai kwana lafiya ba. Ƙarfe bakwai da rabi ɗalibai suke fara isowa, wasu a keken guragu, wasu a kan katako mai taya, wasu da sanduna. Shi kuwa yana bakin ƙofa yana duban agogon da ya daina ganin lambobinsa, yana ta faɗan latti. Shekara goma sha tara ke nan yana haka, daga Litinin zuwa Juma'a.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Hawan jinin ido ya cinye masa gani ta gefe da gefe, saura ɗan abin da ke tsakiya, likita kuma ya gaya masa cewa abin da ya tafi ba ya dawowa. Shi ya sa na ce bari in yi masa jinjina tun yana iya zama a karanta masa, don mu mun saba sai mutum ya kwanta dama muke tuna alherinsa. Sai dai mai karatu ya sani tun yanzu, labarin ba mai daɗi ba ne. Mutumin da nake yabo ya taɓa nakasa mutum da hannunsa, da kyakkyawar niyya. Abin da ya yi bayan nan shi ne dalilin wannan rubutu.

Ishaya Gbagyi ne, haifaffen yankin nan na Abuja tun wuraren da ake kira unguwannin manya suna gonakin doya. Makanikin keken ɗinki ne, ba malamin makaranta ba, bai kuma taɓa tunanin zai koya wa kowa komai ba. A shekarar 2006 wata ƙungiya ta ɗauke shi aikin yini biyu, ya haɗa mata kekuna arba'in da za a raba wa waɗanda aka yaye daga koyon sana'a. Ya haɗa su tsaf, kekuna masu feda, irin waɗanda ake takawa da ƙafa. Ranar biki aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, manya suka zo da masu ɗaukar hoto. Sai da aka fara kiran suna ya ga waɗanda ake bai wa. Kusan dukkansu guragu ne, shan inna ta shanye musu ƙafafu tun suna goye. Ana ba mutum keke mai feda, yana zaune a ƙasa yana kallonsa sama, jama'a na tafi. Baba ya ce min shi ma ya tafa, kuma har yau in ya tuna sai ya ji kunya.

Ba a yi mako biyu ba ya fara cin karo da kekunan a kasuwa, ana sayar da su rabin kuɗi. Ya gane su, don shi ya ɗaure kowane noti. Masu su kuwa sun koma ƙarƙashin gada inda aka ɗebo su, suna miƙa hannu ga masu motoci.

Daga nan ya fara. Ya bi su ya ce duk wanda bai sayar da nasa ba ya kawo, ya mai da masa na hannu. Mutum bakwai suka zo. Da ya ga ɗinkin da aka koya musu a wata shida bai wuce na matashin kai ba, sai ya zaunar da su a kwantenar ya ɗauko wani tela maƙwabcinsa, suka shiga koyarwa tun daga riƙon allura. A hankali shi ma ya zama tela da ƙarfi da yaji.

To, amma keken hannu yana da nasa zalunci. Hannu ɗaya yana juya keke, ɗaya ne kaɗai ya rage ya riƙe yadi. Aikin da ke ciyar da ƙaramin tela a garin nan kuwa kwangilar kayan makaranta ne, kuma a kan kowace riga ake biya. Akwai wata mai babban shagon ɗinki a Nyanya, Madam Mabel, wadda makarantun kuɗi da yawa suke ba ta aiki. A shagonta tela mai ƙafa yana fitar da riga tara ko goma a yini. Ɗalibin Baba a keken hannu, in ya yi ƙoƙari, huɗu, ita ma da layi a karkace. Madam ba ta rage wa kowa farashi ba, kuɗin riga ɗaya ne ga mai ƙafa da marar ita. Amma mai riga huɗu ba ya iya biyan haya a Nyanya ya kuma ci abinci sau biyu. Keken lantarki kuwa ba a maganarsa, don wuta ba ta zama.

Abin ya tsaya wa Baba a rai kusan shekara biyar. Daga ƙarshe ya zo da wata dabara. Ya sa aka yi masa waldar sandar ƙarfe, ƙasanta a jikin feda, samanta da ɗan makari mai soso wanda yake shiga ƙarƙashin damtsen dama. Mai ɗinki zai riƙa dannawa da kafaɗa yana saki, feda na motsi, hannuwansa biyu suna kan yadi. Da ɗalibai suka ga yadda take sama da ƙasa sai suka sa mata suna taɓarya, sunan kuma ya bi ta.

Wanda ya fara gwada ta ɗalibinsa Meshach ne, wani saurayi ɗan Karshi mai faɗin ƙirji, wanda da hannu biyu yake ɗaga kansa ya faɗa cikin bas ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A wata na uku Meshach ya fitar da riga goma sha ɗaya a yini ɗaya. Madam ta zo Karmo da kanta ta gani, ta juya rigunan ciki da waje, ta ce, “Baba, ka ba ni shida cikin yaranka, Monday su fara.” Ranar an yi murna a kwantenar nan har masu sayar da gawayi na maƙwabta suka leƙo. Mutanen da aka saba jefa wa canji ta tagar mota suka fara karɓar abin da kowane tela yake karɓa. Meshach ya kama ɗaki, ya sayi rediyo, ya fara zancen aure. Labari ya bazu har Mararaba. Baba ya ƙera taɓarya talatin da ɗaya, kowace ya buga mata lamba da ƙusa, bai karɓi ladan ko ɗaya ba.

Shekara bakwai ana haka. Sannan wata safiya a tashar Nyanya, Meshach ya kama ƙofar bas zai ɗaga kansa kamar kullum, hannun dama ya ƙi. Ya faɗo tsakanin mota da kwata, mutane na tsallake shi suna rububin wurin zama.

A asibiti aka haɗa shi da wata likitar gashin ƙashi, Mufida. Da ta duba hoton kafaɗar sai ta ce tana son ganin irin aikin da yake yi. Ta zo Karmo, ta tsaya tana kallon ɗalibai suna danna taɓarya kusan minti goma. Sannan ta ja Baba gefe.

Ta ce, “Baba, ni da kai kafaɗarmu hannu kawai take ɗauka. Su kuwa ita ce ƙafarsu. Da ita suke hawa mota, da ita suke hawa gado, da ita suke zuwa bayan gida. Ka ƙara mata aikin feda. Sau dubu nawa suke dannawa a yini?”

Ya ce, “Na Meshach zai gyaru?”

Ta ce, “Jijiyar ta tsinke. Ta hagu ma ta kama hanya, don ita ke ɗaukar nauyin duka yanzu.”

Baba ya ce min ya zauna a kan wani tsohon kan keke, ya rasa inda zai sa idonsa. Garin neman gira an rasa ido, kuma ba idonsa ba ne, na wani ne.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Babu wanda ya tuhume shi. Meshach kansa a lokacin bai haɗa ciwon da taɓarya ba. Madam Mabel da ta ji, cewa ta yi, “Baba, abeg ka bar maganar nan. Ciwo na Allah ne. Kana so ka ɓata sunanka, ka ɓata min bizines?” Da ya yi shiru, da har gobe ana kiransa mai dabara, wataƙila ma a ba shi lambar yabo a irin rumfar nan ta kujerun roba. Mun san da yawa da suka yi shiru a kan abin da ya fi wannan, suna nan suna yanka ribon a bukukuwan buɗe ayyuka.

Shi kuwa ya aika a kira masa duk mai taɓarya ranar Lahadi bayan an taso coci. Suka cika gaban kwantenar, kekuna da sanduna ko'ina. Ya tsaya ya cire hularsa, ya ce, “Ni na yi. Abin nan da na ƙera, shi ya karya Meshach, kuma zai karya ku ɗaya ɗaya. Ku kawo in kwance.”

Ba wanda ya tafa wannan karon. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, “In ka kwance mu ci me, Baba? Kafaɗa za mu dafa?”

Kai ne, Baba Ishaya, wanda ya tsaya gaban mutanen da suka ɗauke shi uba ya ce musu shi ya cuce su. Kai ne ka ji wannan tambaya ba ka yi fushi ba, don ka san mai ita gaskiya ya faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban san mutum biyu a garin nan da za su iya tsayuwar da ka yi ranar ba.

Amsar tambayar ita ta ci masa sauran ƙarfinsa. Ya shiga yawon wurin masu fasa tsofaffin motoci yana sayen injin fanka, ya haɗa shi da batirin mota, ya sa ɗan maɓalli da ake taɓawa da gefen hannu ba tare da ƙarfi ba. Ya yi aiki, amma bai kai taɓarya ba. Riga shida, in an dace bakwai, batirin kuma yakan mutu kafin la'asar. Don ya cike giɓin sai ya sake koyarwar gaba ɗaya. Ya daina koya wa mutum ɗaya ya haɗa riga daga farko har ƙarshe. Ya raba su biyar biyar, wannan kwala kawai, wannan aljihu, wannan hannu, wannan haɗi, wannan maɓalli, kowa ya ƙware a nasa har ya zama ba ya dubawa. Ya jera su yadda yadi zai wuce daga hannu zuwa hannu ba wanda ya miƙe ko ya yi dogon miƙo. Duk awa ɗaya a tsaya a yi motsin da Mufida ta nuna, ko ana so ko ba a so. Masu kaifin kai ya koya musu gyaran keke da yanka, don su ne ayyukan da suka fi tsada a shagon tela. Bayan shekara ɗaya, mutum biyar nasa suna fitar da abin da tela biyar masu ƙafa suke fitarwa, har Madam ta yarda ta riƙa ba su aiki a ƙungiyance.

Karɓo taɓaryoyin kuwa sai da ya ɗauke shi shekaru. Wasu sun kawo da kansu. Wasu sai da ya je sau biyar. Wani ya ɓoye tasa a ƙarƙashin gado ya rantse an sace. Wata ta zage shi tas a gaban kwastoma, ta ce ya ga sun fara cin nama ne baƙin ciki ya kama shi. Duk wadda ya samo, wurin mai walda yake kai ta a yanka gunduwa gunduwa a gabansa, don kada wani ya tsinta ya kwaikwaya.

Meshach yana Karshi yanzu, a gidan yayansa. Auren bai yiwu ba. Da safe ake ɗauko shi a ajiye a gindin mangwaro, da yamma a mai da shi ɗaki, mutumin da da ba ya yarda a riƙe masa ko ƙofa. Lahadin farkon kowane wata Baba yakan kai masa buhun riguna ya sa musu maɓalli, aikin da yatsu kaɗai suke yi, a biya shi kamar kowa. Na raka shi sau ɗaya. Sun yi kusan awa ba su haɗa ido ba. Da za mu tafi Baba ya ce, “Meshach, ka yi haƙuri,” kamar yadda aka ce min yana faɗa kowane zuwa. Meshach yana zura zare ya ce, “Ban yafe ba tukuna, Baba. Amma ka zo wata mai zuwa.” 

Taɓarya talatin suka dawo hannun Baba. Saura ɗaya, mai lamba goma sha bakwai, tana hannun Fatu.

Fatu 'yar Fulanin rugagen bayan Karshi ce. Mijinta Hammawa ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, ta koyi ɗinki wurin Baba a Karmo ta kama aiki a Nyanya, kuma a duk matan shagon Madam babu mai saurinta. Riga goma take fitarwa, ba ta shiga ƙungiyar kowa ba. Babbar 'yarta Aishatu tana sakandare, ita ce ta farko a danginsu da ta wuce firamare. Lissafin Fatu gajere ne, ta kuma faɗa wa Baba tun zuwansa na farko karɓar taɓaryar. Ta ce, “Baba, in na sauka zuwa shida, Aishatu ce za ta sauka daga aji. Ƙungiyar taka kuma sai an yi wata nawa kafin ta kama? Cikin watannin nan wa zai biya?”

Hausar Baba ba ta raba mace da namiji, kowa “ka” ne a bakinsa, Fatu kuma ta daɗe da daina gyara masa. Ya ce, “Fatu, ka ga Meshach.”

Ta ce, “Na gan shi. Shi ba shi da 'ya'ya.”

Daga ranar, kowace Asabar sai ya tashi daga Karmo ya ratsa Abuja daga wannan ƙarshe zuwa wancan, mota biyu, ya sha cunkoson hanyar Nyanya, ya je ya zauna kusa da kekenta. Madam da ta gaji da ganinsa sai ta ce, “Baba, ga ki, makullin shago. Ka zo Sunday ba kowa, ka cire abinka, Monday ta zo ta tarar an gama. Me za ta yi?” Ya daɗe yana kallon makullin. Sannan ya tura mata abinta ya ce, “Mutanen nan tun suna yara ake yanke musu shawara a bayan idonsu, a ɗauke su a ajiye kamar kaya. Ni ma na yi sau ɗaya, na ce na san abin da ya dace da su. Ba zan ƙara ba.”

Abin da ya samu kawai shi ne ciniki. Zai riƙa yi mata gyaran keke kyauta, ita kuma ta ba shi rabin awa na hutun rana ya koya mata yanka. Ta yarda ne don ya rage mata surutu. Haka suka yi shekara huɗu, a ƙasan shago, da alli da takardar buhun siminti. Ya koya mata awo, ya koya mata yadda ake kwantar da yadi a bi zarensa, yadda ake cusa hannun riga da kwala a gurbin da wasu ke zubarwa, da yadda za ta dafa gwiwar hannu a tebur wuyan hannu kaɗai ya yi aikin almakashi. Tana koyo tana tsokanarsa, wai tsoho ya rasa abin yi da Asabar ɗinsa, coci ma ta gaji da shi. Shi kuwa yana kallon abin da ba ta so a gani. Warin man zafi da ke tashi daga jikinta. Ƙwayoyin da take haɗiya ba ruwa. Yadda ta koma miƙa komai da hagu, ita da ta san hakan ba ladabi ba ne.

A watan Agustan bana, lokacin da aiki ya fi yawa don ana shirin komawa makaranta, mai yankan shagon, Ɗanlami, ya tashi ya buɗe nasa wurin. Baba ya je wa Madam ya ce ta gwada Fatu. Madam ta ce yanka aikin tsaye ne, tebur dogo ne. Ya ce shi zai rage wa teburin tsawo. Ta ce to, amma da sharaɗi. Bandir ɗaya za ta ba ta. In ta ɓata, shi ke nan, kuma keken ɗinkinta ba zai jira ta ba, ranar da ta tashi a kai ranar za a ɗora wani, don aiki ba ya jira a wannan wata. Fatu ta ji sharaɗin ta girgiza kai. Ta ce ba ta sakin na hannu ta kama na guje.

Mako biyu bayan nan, ranar Asabar da safe, Baba yana zaune a bakin shagon ta iso a kekenta na guragu. Ta dafa ƙarfen za ta sauko kamar yadda ta yi sau dubbai. Hannun ya lanƙwashe. Ta zo ƙasa da gefen fuska, ɗankwalinta ya faɗa cikin ruwan da aka zubar na wanke-wanke. Teloli suka taso, ta ɗaga musu hannun hagu ta ce kada wanda ya taɓa ta. Ta daɗe a kwance tana numfashi. Sannan ta ja jiki da hannu ɗaya, kaɗan kaɗan, har gindin keken ɗinkinta, ta jingina da shi.

Ta ce, “Baba, ka zo da sifanarka?”

Shekara huɗu yana zuwa da ita a aljihu. Ya durƙusa, ya lalubi ƙarfen taɓaryar, amma idon ya riga ya tafi, ya kasa ganin notin da shi ya ɗaure. Fatu ce ta kama yatsunsa ta ɗora a kai. Yana kwancewa hawaye na sauka a kan feda, duk shagon ba mai taka keke.

Ranar Litinin aka ɗora wani a kekenta, kamar yadda Madam ta faɗa. Ranar Laraba, da hannu a ɗaure a wuya tun daga gida, Fatu ta kwance shi ta zauna gaban teburin da aka rage wa ƙafafu, aka ajiye mata bandir na shuɗin yadi. Ɗanlami riga arba'in yake fitarwa a irinsa. Ta yi awa biyu tana zane da alli ba ta taɓa almakashi ba, har Madam ta fara zagaye tana tsaki. Da la'asar aka ƙirga, arba'in da uku, ba wadda ta karkace. Madam ta ce ta ɗauke ta, sai dai za ta fara da ƙasa da abin da Ɗanlami ke karɓa, tunda sabuwa ce. Fatu ta ce, “Madam, riga uku na ƙara miki, ban rage ba. Abin da kike ba shi za ki ba ni, ko in tafi wurinsa, na ji yana neman mai yanka.” Madam ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce ta ji. Yau a duk shagon babu mai ɗaukar abin da Fatu ke ɗauka, Aishatu kuma tana ajinta.

Da a nan labarin ya ƙare da na ji daɗi. Mufida ta duba kafaɗar ta ce ba ta tsinke duka ba, amma hannun ba zai ƙara wuce tsayin ƙirji ba. Fatu ba ta iya tuƙa kekenta a hawa yanzu. Aishatu ce ke turo ta da safe kafin ta wuce makaranta, da yamma ta jira wanda Allah ya kawo. Mufida ta kuma ce da shekara biyu baya aka daina, da ta warke sarai. Ta faɗa ne a gaban Baba, ba ta san zancen makullin ba.

Wannan magana ita ke cinsa. Asabar ɗin da ta wuce na bi shi Nyanya, na ji da kunnena ya tambaye ta. Ya ce, “Fatu, ranar da Madam ya ba ni ki, da na cire, da hannunka yana nan. Na yi kuskure na biyu ko?”

Ba ta ɗago daga yadin ba sai da ta kai ƙarshen layi. Ta ajiye almakashi ta ce, “Da ka cire a bayan idona, da na je Mararaba an ƙera min wata, kuma da ba ka ƙara ganin fuskata ba. Da yanzu ina gindin bishiya ana ɗauka ana ajiyewa. Kafaɗar tawa ce, Baba, ni na kashe ta, na san abin da na saya da ita. Kai dai ka ba ni inda zan faɗa.” Ta ɗauki alli ta ci gaba. Baba ya gyaɗa kai, amma ban ga alamar nauyin ya sauka ba, ban kuma jin zai sauka.

Baba Ishaya, makanikin Karmo, mai gyaran abin da ya ɓata, mun gode. Mun gode da mutum sama da ɗari da suka bi ta kwantenarka suka daina miƙa hannu a titi. Mun gode da ba ka ɓoye Meshach ba. Mun gode da Asabar ɗari biyu da ka zubar a hanyar Nyanya saboda kafaɗar mace ɗaya da ba danginka ba, ba addininku ɗaya ba. Allah ya tsare maka ɗan ganin da ya rage, ya ba ka haƙurin abin da ba ya gyaruwa.

Ku kuma masu shirya horo da yaye ɗalibai, masu rumfa da hoto, ba na ce ku daina ba. Ku dai yi koyi da tsohon nan a abu ɗaya. Ku koma. Bayan shekara ɗaya, bayan bakwai, ku nemi wanda kuka bai wa kaya ku ga abin da kayan suka yi masa, ku tambaye shi abin da yake samu da inda ke masa ciwo. In kun tarar kun yi ɓarna, ku cire hula ku faɗa da bakinku, sannan ku zauna kusa da shi har ya yarda a gyara, ko da zai ɗauke ku shekara huɗu.